Happy Feet na Farko ko na Biyu: Wanne Ya Dace a Kunna wa Yara a Gida?

Duk mai yara a gida ya san shawarar da yakan yi da zuciyarsa idan hutun makaranta ya zo, yara suka taru a falo suna roƙon a kunna musu katun, domin ba kowane fim ne mai hoton dabbobi a bango ya cancanci a miƙa wa ɗan shekara biyar a juya baya ba. Daga cikin finafinan da sukan faɗo hannu a irin wannan lokaci akwai Happy Feet, wanda ya fito a 2006, da ci gabansa Happy Feet Two na 2011. Dukansu labarin tsuntsayen fengwin ne na yankin Antatika, dukansu cike suke da waƙa da rawa, kuma darakta ɗaya ne ya jagoranci aikinsu, wato George Miller ɗan ƙasar Ostareliya. Wanda ya tsaya a hoton talla zai zaci abu ɗaya ne aka raba gida biyu, amma wanda ya zauna ya kalle su daga farko har ƙarshe zai ga sun sha bamban a nauyin labari, da irin fargabar da ke cikinsu, da kuma abin da suke nuna wa yaro game da mahaifinsa da dattawan garinsu. Ra'ayina tun daga nan shi ne na farko ya fi na biyu inganci nesa ba kusa ba, amma na biyun ne ya fi sauƙin bari a gaban ƙananan yara, kuma dalilan wannan saɓani su ne ya kamata iyaye su sani kafin su zaɓa.

Yana da kyau a fara da tsuntsun kansa, tunda yawancin yaranmu ba su taɓa ganinsa ba sai a hoto. Fengwin tsuntsu ne da ba ya tashi sama, fukafukansa sun zame masa abin iyo, kuma jinsin da finafinan nan suka ginu a kansa shi ne mafi girma a cikin danginsa, wanda ake yi wa laƙabi da sarkin sarakunan fengwin, tsayinsa kuwa yakan haura mita ɗaya. Macen takan saka ƙwai guda ɗaya tak a farkon hunturun Antatika, wajen watan Mayu ko Yuni, sai ta miƙa shi ga namijin ta nufi teku neman abinci. Namijin ne zai ɗora ƙwan a kan ƙafafunsa, ya rufe shi da fatar cikinsa har kimanin wata biyu, cikin duhu da sanyin da kan kai maki 40 ƙasa da sifili, ba ci ba sha, shi da sauran mazan suna cure a wuri guda don su tsira da ɗumin jikin juna. Ba su da sheƙa, saboda haka miji da mata da ɗan tsako da murya suke gane juna a tsakiyar dubban tsuntsaye. Daga wannan ɗabi'a ta gaskiya marubutan fim na farko suka ciro abin da suka kira waƙar zuciya, wadda a labarin kowane fengwin yake da tasa, kuma da ita yake samun abokin zama.

Fim na farko labarin Mumble ne, ɗan Memphis da Norma Jean. Ƙwansa ya suɓuce wa mahaifinsa ya faɗi kan ƙanƙara na ɗan lokaci a tsakiyar hunturu, uban ya ɓoye wannan sirri, da aka ƙyanƙyashe yaron kuma sai ya tashi ba shi da muryar waƙa ko kaɗan, sai dai ƙafafunsa ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin rawar buga ƙafa suke. A al'ummar da darajar kowa take a maƙogwaronsa, wannan aibi ne babba. Malaman waƙa sun gaza da shi, tsaransa suna yi masa dariya, mahaifinsa kuma yana roƙonsa ya daina abin da ba a san fengwin da shi ba. Da yunwa ta shigo saboda ƙarancin kifi, sai dattawan gari ƙarƙashin shugabansu Noah suka ɗora laifin a kan rawarsa, suka ce ita ta fusata abin bautarsu, suka kore shi. Shi kuwa ya riga ya ji labarin wasu baƙin halittu daga bakin wani tsuntsun farauta mai zoben roba a ƙafa, ya kuma yi zargin cewa su ne suke kwashe kifin, don haka ya ɗauki alkawarin zai nemo su ya yi musu magana. Baƙin halittun nan mu ne 'yan Adam, da jiragen kamun kifinmu.

A nan ƙarfin fim ɗin yake, kuma a nan ne nake ganin na biyu bai kama ƙafarsa ba. Labari ne guda ɗaya da yake tafiya a miƙe, da jarumi ɗaya da mai kallo yake bi tun daga ƙwai har girma, kuma ciwon da ke cikinsa ciwo ne da yara suka sani. Yaro mai i'ina da ake kwaikwayonsa a aji, da bahagon da ake buge wa hannu a kan akushi, da wanda ƙannensa suka wuce shi a karatu alhali hannunsa ya iya gyaran duk abin da ya lalace a gida, kowannensu zai ga kansa a jikin Mumble ba tare da an yi masa bayani ba. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda Memphis ya tsaya a gaban jama'a ya roƙi ɗansa ya tuba ya bar rawa, sannan ya fallasa sirrin faɗuwar ƙwan don a tausaya wa yaron a matsayin mai lalura. Uba ne mai ƙaunar ɗansa, amma kunyar idon jama'a da nauyin laifin da yake ɗauke da shi suka sa ya tozarta shi a lokacin da ya fi bukatar a tsaya masa. Ban san wani katun mai yawa da ya nuna raunin uba da irin wannan gaskiya ba, kuma manya ne za su fi jin zafin wannan fage fiye da yara.

Sai dai wannan ƙarfi shi ne kuma yake jawo tambayar da gidaje da yawa za su yi. Dattawan fim ɗin an zana su da kamannin masu wa'azi, suna magana da sunan abin bauta, suna kiran sabon abu fitina, kuma a ƙarshe labarin ya nuna su ne a kan kuskure, yaron da suka kora shi ne mai gaskiya. Mu da muka tashi muna jin cewa ta yaro kyau take ba ta ƙarko, fim ɗin ya kifar da wannan magana a fili. Yaro ɗan shekara shida da ya kalla shi kaɗai yana iya fita da fahimtar cewa tsofaffi da masu kiran a bi al'ada su ne matsala. Ni ban ɗauki wannan dalilin hana kallo ba, amma na ɗauke shi dalilin zama kusa da yaro, domin akwai abin da za a nuna masa wanda idonsa ba zai kai ba. Mumble bai zagi kowa ba, bai yi gaba da iyayensa ba, kuma duk wahalar da ya sha ya sha ta ne don ya ceto mutanen da suka kore shi daga yunwa, ya kuma dawo gare su da abin da ya gano maimakon ya yi zamansa a inda aka karɓe shi. Kuskuren dattawan kuwa shi ne yanke hukunci ba tare da bincike ba, wanda babu addini ko tarbiyyar da ta yarda da shi. Akwai kuma Lovelace, wani fengwin mai gashin gira rawaya da ya mai da kansa boka, ana biyansa tsakuwa ana yi masa tambaya, yana taƙama da wata laya a wuyansa wadda ashe robar ɗaure gwangwanayen lemo ce da ta maƙale masa, har ta kusa shaƙe shi. Duk yaron da ya taɓa ganin akuya ta kumbura saboda cin leda zai gane wannan ba sai an fassara masa ba, kuma tonon asirin bokan darasi ne da iyaye za su yi maraba da shi.

Fim na biyu ya juya akalar labarin. Mumble ya girma ya auri Gloria, sun haifi Erik, yanzu kuma garin kowa rawa yake yi, sai ga shi ɗan nasa ya kasa, ya faɗi a gaban jama'a an yi masa dariya, ya gudu da abokansa biyu zuwa garin ƙananan fengwin na jinsin Adeli. A can ya haɗu da Sven, wanda ake girmamawa a matsayin fengwin mai tashi sama, yana koya wa jama'a cewa duk abin da mutum ya ƙudurta a ransa zai samu, sai Erik ya raina mahaifinsa ya mai da Sven gwaninsa. Kafin su koma gida wani ƙaton tsaunin ƙanƙara ya tsinke ya zo ya toshe garinsu, dubban tsuntsaye suka maƙale a cikin rami ba hanyar zuwa teku, har da Gloria. Sauran fim ɗin ƙoƙarin fito da su ne. Daga baya aka gane Sven ba fengwin ba ne, wani tsuntsun tekun arewa ne mai baki kala-kala wanda dama can jinsinsa suna tashi, Erik kuma ya gane cewa mahaifinsa da ba ya tashi, ba ya waƙa, shi ne wanda bai gudu ba.

Ta fuskar tarbiyya wannan saƙo ya fi kwanciya a ran iyaye, kuma babu rigima da dattawa ko abin bauta a cikinsa, domin Noah a nan shugaba ne mai ƙarfafa wa jama'arsa gwiwa. Mafi kyawun ɓangarensa shi ne na Bryan, wani ƙato daga dabbobin tekun nan masu hanci kamar na giwa, wanda ya tare wa Mumble hanya da girman kai, ya rufta cikin ramin ƙanƙara a gaban 'ya'yansa biyu, Mumble kuma ya sai da ransa ya ceto shi. Bryan ya yi alkawarin ramawa duk ranar da aka neme shi, da ranar ta zo kuma ya noƙe yana kawo uzuri, har sai da ƙaramin Erik ya tsaya a gabansa ya rera waƙar da ta tuna masa abin da mahaifinsa ya yi masa. Alkawari kaya ne, kuma ban ga yaron da zai kalli wannan fage bai fahimci hakan ba. Matsalar fim ɗin ita ce wannan zare mai kyau an cakuɗa shi da wasu da yawa. Ga labarin Erik da Sven, ga na Ramon, abokin Mumble ɗan jinsin Adeli, da ke bin wata mai suna Carmen, ga tarihin yadda mutane suka ceci Sven da Lovelace a jirgin ruwa, sannan ga Will da Bill, wasu ƙananan halittun teku biyu masu kama da jatan lande da ake kira kiril, waɗanda suka bar garkensu suna muhawara a kan ma'anar rayuwa. Brad Pitt da Matt Damon ne suka yi muryoyinsu, zanensu kuma yana da ban sha'awa ƙwarai, amma kusan fim ne dabam aka saƙa a cikin wani, ba su haɗu da babban labarin ba sai a mintunan ƙarshe. Babba zai ji labarin yana warwatse. Ƙaramin yaro, wanda dama fage-fage yake kallo, ba zai damu ba.

Batun tsoro yana da muhimmanci, kuma sanin ko wane ne daraktan yana taimakawa. George Miller likita ne kafin ya shiga harkar fim, kuma sunansa ya fito ne da finafinan Mad Max na tsere da kora, waɗanda na farkonsu ya fito a 1979. Wannan hannu yana nan a Happy Feet. Korar da damisar teku, wata dabbar ruwa mai farautar fengwin, ta yi wa Mumble a ƙarƙashin ƙanƙara, da yadda tsuntsayen farauta suka kewaye shi yana ɗan tsako, da yadda manyan mafarautan teku biyu masu launin baƙi da fari suka riƙa wurgi da shi da Lovelace, duk an tsara su ne don zuciya ta buga da gaske. Amma abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne ɓangaren gidan ajiye dabbobi, inda Mumble ya farka a cikin keji na gilashi, yana yi wa mutane magana ba sa jin komai sai kukan tsuntsu, har bayan watanni hankalinsa ya fara gushewa yana ganin iyayensa a jikin bango. Babu jini, babu duka, amma kaɗaici ne da yanke ƙauna da suka fi ƙarfin ɗan shekara huɗu ko biyar. A fim na biyu akwai damisar teku, akwai harin tsuntsayen farauta, akwai kuma fargabar uwa da ɗa da ƙanƙara ta raba, sai dai ba a taɓa barin yaro shi kaɗai cikin duhu ba, domin Erik kullum yana tare da mahaifinsa ko abokansa, kuma yana jin muryar mahaifiyarsa daga ramin. Hukumar tantance finafinai ta Amurka ta sa duka biyun a rukunin da ake son iyaye su sa ido, amma nauyin nasu ba ɗaya ba ne.

Ga waƙoƙi kuma, mai kallon da ya saba da finafinan Indiya da na Kannywood ba zai ga baƙon abu ba a yadda ake tsayar da labari a shiga waƙa, sai dai a nan yawancin waƙoƙin tsofaffi ne na mawaƙan Amurka da Ingila aka sake rerawa aka haɗa su da juna. Fim na farko ya ɗebo daga Elvis Presley da Prince da Stevie Wonder da ƙungiyar Queen, har ma sunan Memphis daga garin Elvis aka ɗauko shi, kuma sabuwar waƙar da Prince ya rubuta wa fim ɗin ta ci kyautar Golden Globe. Tunda waƙar zuciya ta neman aure ce, waƙoƙin soyayya ne suka fi yawa, kuma fim ɗin da su ya buɗe, inda mazaje suke zagaye Norma Jean kowa yana rera tasa. Wasu baitocin na manya ne, haka ma wasu maganganun Lovelace da na samarin Adeli biyar da suka zama abokan Mumble suna da harshen damo. Yaron da Turancinsa bai yi ƙarfi ba za su wuce shi, amma ɗan sakandare zai gane, kuma gidan da yake taka-tsantsan da irin wannan ya kamata babba ya fara kallon rabin awar farko shi kaɗai. Fim na biyu bai rabu da wannan gaba ɗaya ba saboda Ramon da Carmen, amma manyan waƙoƙinsa na iyali ne. Akwai wadda Gloria ta rera daga cikin rami don ta kwantar wa ɗanta da hankali, da muryar mawaƙiya Pink, wadda ta karɓi matsayin bayan rasuwar Brittany Murphy a Disambar 2009, akwai kuma waƙar Erik a gaban Bryan da aka ɗora a kan karin wasan waƙe na Tosca na Puccini ɗan Italiya. A wajena waƙoƙin fim na farko sun fi daɗin ji da ɗaukar hankali, na biyu kuma sun fi tsabta.

Rawar kanta ba zane kawai ba ce. An sa wa gwanin rawar buga ƙafa na Amurka, Savion Glover, na'urori a jiki, ya taka rawar da gaske, kwamfuta ta ɗauki motsinsa aka mayar da shi jikin Mumble, shi ya sa sautin ƙafar da motsin suke dacewa dacewar da ido ke yarda da ita. Kamfanin Animal Logic na birnin Sidni ne ya yi zanen na farko, na biyu kuma wani sabon kamfani mai suna Dr. D Studios da Miller ya kafa da abokan hulɗarsa. Shekaru biyar da ke tsakaninsu sun nuna, domin gashin tsuntsaye da ƙyallin ƙanƙara da garken kiril masu haske a ƙarƙashin ruwa sun fi fitowa a na biyu, wanda aka shirya don kallo da tabarau na musamman a sinima. A talabijin ɗin gida ko a waya wannan fifiko yana raguwa sosai, abin da ya rage shi ne labari. Tsawon na farko minti 108 ne, na biyu kimanin minti 100, bambancin da ba shi da yawa a takarda amma ana jinsa, saboda kashi na ƙarshe na fim na farko yana tafiya a hankali.

Karɓuwar da suka samu ta bi wannan bambanci. Na farko, wanda aka kashe kimanin dala miliyan 100 wajen yinsa, ya tara kimanin dala miliyan 384 a duniya, ya kuma ci kyautar Oscar ta katun mafi kyau a bikin 2007 inda ya doke Cars na kamfanin Pixar. Na biyu ya fi shi cin kuɗi, amma abin da ya tara bai kai rabin na farko ba.

Iyayen da suke son yaro ya fita da wani ilimi game da duniya za su tarar kowane fim ya kama gefe ɗaya na gaskiya. Na farko ya yi magana a kan kwashe kifi fiye da kima da sharar roba, amma ya warware matsalar cikin gaggawar da ba ta gamsar da ni ba: mutane suka ga tsuntsaye suna rawa, aka yi 'yar muhawara ta mintuna kaɗan, aka hana kamun kifi a yankin baki ɗaya. A zahiri akwai hukumar ƙasa da ƙasa da ke kula da halittun tekun Antatika tun 1982, har yau ana kamun kiril a can, kuma sai a 2016, bayan shekaru ana ja-in-ja, ƙasashe suka amince da keɓe yankin Tekun Ross mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.55. Na biyu ya fi kusa da abin da yake faruwa. A watan Maris na 2000 wani tsaunin ƙanƙara da aka sa wa lamba B-15 ya ɓalle daga gaɓar Ross, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 11,000, wato ya ɗan haura rabin Jihar Kano, kuma ɓaraguzansa sun toshe wa fengwin na yankin hanyar zuwa neman abinci har 'yan tsaki masu yawa suka mutu. A 2022 kuma, kamar yadda masu binciken Antatika na Birtaniya suka bayyana a shekarar da ta biyo baya, huɗu daga cikin garuruwan manyan fengwin biyar na yankin Tekun Bellingshausen sun yi asarar 'yan tsakinsu saboda ƙanƙarar da suke kai ta narke kafin gashin iyo ya fito musu. A fim na biyu mutane sun zo taimako da jirginsu, guguwa ta kore su, tsuntsayen da sauran dabbobi suka haɗa ƙarfi suka fitar da kansu, har da ƙananan kiril da ke bugun ƙanƙarar daga ƙasa. Wannan ƙarshe ya fi na farko ma'ana, ko da yake hanyar zuwa gare shi ta fi karkacewa.

Harshe ma abin dubawa ne, domin duka biyun da Turanci ake magana, kuma ba Turancin aji ba. Samarin Adeli da karin Sifaniyanci suke magana, Noah da na mutanen Sikotland, Sven da na arewacin Turai, marigayi Robin Williams kuma, wanda ya yi muryar Ramon da ta Lovelace, yana zuba magana da saurin da ko babba sai ya kasa kunne. Duk da haka labarin fim na farko ana iya binsa da ido kawai, domin kora da kaɗaici da dawowa gida ba sa bukatar fassara. A na biyu dariyar Will da Bill kusan duka wasa da kalmomi ce, wanda bai ji Turanci sosai ba zai ga launi ne kawai.

Saboda haka, gidan da yaransa suke tsakanin shekara huɗu zuwa bakwai, ko wanda babba ba zai samu sukunin zama tare da su ba, na biyu ya fi dacewa da shi, kuma ana fahimtarsa ko ba a ga na farko ba. Gidan da yaransa suka kai takwas zuwa sama, musamman idan akwai wanda yake jin shi dabam ne a cikin 'yan'uwansa ko a makaranta, na farko zan ba shi shawara ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin uwa ko uba ko yaya su zauna a yi kallon tare, a kuma yi hira bayan an gama a kan dattawan nan da kuma Memphis. Idan shekarun yaran a haɗe suke, wanda shi ne halin yawancin gidajenmu, gara a kunna na biyu ga kowa, a ajiye na farko sai daren da ƙananan suka yi barci. Wanda kuma datarsa ta fim ɗaya ce kawai, kuma shi ma yana son ya more kallon, na farko ne zai so ya maimaita.

Akwai wasu finafinan fengwin da akan rikita su da waɗannan a wajen saye ko saukewa. Surf's Up na 2007 labarin gasar hawan igiyar ruwa ne da aka tsara kamar rahoton talabijin, Penguins of Madagascar na 2014 kuma barkwancin leƙen asiri ne mai gudu ba tsayawa, kuma babu ɗayansu da yake fim ɗin waƙa. Wanda ya cancanci a nema da gaske shi ne March of the Penguins na 2005, wanda Luc Jacquet ɗan Faransa ya ɗauka a kusa da tashar bincike ta Dumont d'Urville, ya kuma ci Oscar a rukunin finafinan gaskiya. Ba katun ba ne, tsuntsaye ne na zahiri, kuma yana nuna ƙwan da ya daskare da ɗan tsakon da sanyi ya kashe, don haka shi ma na manyan yara ne. Idan aka nuna musu shi kwana ɗaya ko biyu kafin Happy Feet na farko, za su ga da idonsu yadda uwa take mirgina ƙwai daga ƙafarta zuwa ta uban cikin tsananin kulawa, da yadda ɗan jinkiri kaɗan a kan ƙanƙara yake fasa shi, sannan idan ƙwan Mumble ya suɓuce wa Memphis a cikin guguwa za su san girman abin da ya faru da dalilin da ya sa ya kasa faɗa wa matarsa.